"Admin, A Sakaya Sunana"

Har kakata ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kama sunan mahaifina ba, don shi ne ɗanta na fari. "Yaron nan" take ce masa, ga shi da furfura. Ashe sakaya suna ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Da shi muka tashi, sunansa alkunya. Ko marubutanmu mata na intanet, da yawansu "Maman Wane" ko "Ummu Wance" aka san su da shi.

Shekara uku ke nan ina riƙe da zauren WhatsApp na unguwarmu, kuma masu rufe fuska iri biyu na gani.

Wata rana da tsakar dare saƙo ya shigo mini ta bayan fage: "Admin, don Allah a sakaya sunana. Maigidana ya daina kawo cefane, kullum yana ɗaki ba ya magana da kowa. Wa ya san likitan ƙwaƙwalwa?" Na sa tambayar ba suna. Kafin azahar an samo mata asibiti da ranar ganin likita. Da na ce sai ta fito fili, da ta haɗiye damuwarta ta yi shiru.

Bayan wata biyu sai ga baƙuwar lamba, da hoton zaki da laƙabin "Mai Faɗin Gaskiya". Ya rubuta cewa ma'ajinmu ya cinye kuɗin gyaran rijiyar burtsatse. Dattijon ya kawo rasit ɗaya bayan ɗaya, lissafi ya cika cif. Na ce wa zakin: "Malam, ka faɗi sunanka, ka nemi gafarar Baba." Nan take ya fice. Amma magana zarar bunu ce: har yau Baba ba ya yarda ya riƙe ko sisin jama'a.

Wasu suka ce a kafa doka, kowa ya sa sunansa na yanka. Koriya ta Kudu ta gwada haka a 2007, ta tilasta wa manyan shafukan intanet tantance duk mai yin sharhi. A 2011 masu kutse suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 35 daga shafukan Nate da Cyworld, a 2012 kuma kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar. Tilas ba ta gyara hali. Shi ma mai fakewa da laƙabi ya tuna cewa tun Disambar 2020 Najeriya ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Jama'ar zaure kawai ya ɓoye wa, hukuma na iya gano shi.

Ƙa'idar da muka tsaya a kai gajera ce. In asirinka za ka rufa, ciwo ne, bashi ne ko rikicin aure, muna sakaya ka, admin kaɗai zai sani, kuma amana ce a wuyansa. In kuwa wani za ka zarga, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka zo da sunanka da hujjarka. Wanda ya gane mai laƙabi kuma, kada ya tona shi a bainar jama'a.

Mai karatu, kafin ka danna "tura", tambayi kanka: da a tsakar majalisa nake, Baba na zaune a gabana, zan iya furta wannan? In ba za ka iya ba, goge shi.