Makin Lissafi da Ake Zubarwa a Ɗakin Jarrabawa

Duk shekara, idan ɗalibai suka fito daga cibiyar jarrabawar JAMB, ba a rasa wanda zai dafe kai a bakin ƙofa yana rantsuwa ya san tambayar da ya faɗi. Kuma da gaskiyarsa. Lissafi ne da ya sha yi a aji, sai dai amsar da ya danna ba ita ba ce. Malamai kan ce ganganci ne, iyaye su ce garaje. Abin takaicin shi ne irin wannan maki ya fi ciwo, domin ba rashin karatu ya cinye shi ba.

Lokaci ne babban mai matsa wa yaro. Tun daga 2015 ake rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta, kuma a yau tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: Turanci 60, sauran darussa uku kowanne 40. Idan aka raba, kowace tambaya sakan 40 take samu. Lissafi kuwa ba ya yarda da wannan rabo, sai an ja layi an buga. Agogo na gudu a gefen allo, yaro na gudu, sauri ya haifi nawa.

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, amsoshin ƙarya da ke jere da ta gaskiya ba da ka ake zuba su ba. Mai tsara tambaya ya san inda yara ke tuntuɓe, sai ya ɗauki sakamakon tuntuɓen ya ajiye shi a zaɓi. A ce an bayar da 3x − 5 = 10, aka nemi 2x. Yaro zai buga daidai ya samu x = 5, ya ɗaga ido ya ga 5 a zaɓi na farko, ya danna da murna. Amsar kuwa 10 ce. Ko a ce kayan Naira 5,000 an ƙara masa kashi 20 cikin 100, sannan aka rage kashi 20. Zuciya za ta ce ya koma 5,000, alhali ya hau 6,000 ne ya sauko 4,800. Haka kuɗin ruwa: Naira 20,000 a kan kashi 10 cikin 100 a shekara, na wata shida, 1,000 ne. Wanda ya manta watanni aka faɗa ya buga da shekara shida, 12,000 zai samu, kuma da wuya ya rasa ta tana jiransa a jerin amsoshi.

A jarrabawar lissafi ta WAEC salon ya ɗan bambanta. Takarda ta farko tambayoyin zaɓi 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, ta biyu kuma ta nuna aiki ce, inda ake ba da maki a kan hanyar da aka bi, daban da na amsar ƙarshe. Rahotannin manyan masu duba takardu na hukumar sun sha kokawa da abubuwa kaɗan da ke maimaituwa: taƙaita lamba tun aiki bai ƙare ba, da barin amsa ba ma'auni, da ƙin bin umarnin yawan lambobin da za a bari bayan ɗigo. Wanda ya mayar da 2/3 zuwa 0.7 kafin ya ninka da 300, 210 zai samu maimakon 200.

Cewa yaro "ka riƙa lura" ba ya magani, domin kowa da irin ramin da yake faɗawa. Wani alamar ragi ce ke ɓace masa idan ya buɗe baka, wani santimita yake haɗawa da mita, wani kuma 1 da 7 ɗinsa kama suke yi, har shi kansa ya karanta rubutunsa ba daidai ba. Dabarar da ta fi amfani ita ce ɗan littafi na musamman. Duk lokacin da ɗalibi ya gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, sai ya rubuta kowane kuskure da dalilinsa, ya ware na rashin sani daban, na garaje daban. Kafin wata ya zagayo zai ga abu biyu ko uku ne ke ta dawowa, su zai riƙa farauta.

Bitar aiki ma tana da ƙa'ida. Sake bin layukan da aka rubuta ba ya cika kama ɓarna, don idon da ya tsallake ta da farko zai sake tsallakewa. Gara a mayar da amsar cikin tambayar a gani ko ta zauna, ko a yi kirdado: 49 sau 21 dole ya faɗo kusa da 1,000, idan 10,290 ta fito to an danna wani abu. Kafin a zaɓi amsa kuma a sake karanta jimlar ƙarshe ta tambayar, nan ne abin da ake nema yake.

Kalkuleta kanta tana yaudara. A JAMB ta kan allo ake amfani da ita, saboda haka a saba da ita tun a jarrabawar gwaji. Mai shiga WAEC ko NECO da tasa kuwa, kafin a raba takarda ya buga sin 30. Idan 0.5 ta fito, na'urar tana kan digiri. Idan ya ga −0.988, tana kan radiyan, kuma sai ya gyara ta kafin ya taɓa tambayar kusurwa ko ɗaya.