Dasa Git a Kwamfutar Tebur Domin Tsare Asalin Nassi

Labarin Abagayawa, watau maƙeran nan da aka ce daga Gaya suka taso suka sauka gindin Dala wajen neman tama, ba ya zuwa da lafazi ɗaya daga bakin dattawa biyu. Malamin da ya ɗauko shi a Gaya ko Ajingi, ya rubuta a kwamfuta, sa'an nan ya dinga gyara, in bai yi hattara ba sai maganar dattijo da gyaran alƙalaminsa su cakuɗe, har ya zamana ba mai iya rarrabe su. Abin da ya ɓata ta wannan hanya kuwa ba ya komowa, domin dattawan ƙarewa su ke yi.

Maganin wannan shi ne Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙago a 2005. Aikinta shi ne ajiye kowane gyara tare da sunan mai yinsa da ranar da aka yi shi, kamar yadda marubutan dā su kan rufe kwafin littafi da sunansu da kwanan wata.

Dasa ta ba wuya. Mai Windows ya sauko da ita kyauta daga git-scm.com, ko ya ɗauko a filashi, ya buɗe ya bi tambayoyinta har ƙarshe. Mai Ubuntu ya rubuta "sudo apt install git". Bayan haka a rubuta "git --version". In lamba ta fito, ta zauna ke nan. Sai a shigar da suna da adireshin imel ta "git config", domin su ne hatimin kowane gyara. A cikin jakar rubutun a yi "git init". Duk sa'ad da aka yi gyara a kulle shi da "git add" da "git commit", tare da taƙaitaccen dalili.

Lalle ne a kiyaye abu biyu. Na fari, a ajiye nassi a tsuran rubutu na UTF-8, domin ƙ, ɗ, ɓ da haruffan ajami su tsira, "git diff" kuma ta iya nuna layin da ya sāke. Fayil ɗin Word ba ya bayyana haka. Na biyu, Git ba ta bukatar intanet wajen aikin yau da kullum, abin da ya dace da ƙauyen da sadarwa ba ta da ƙarfi, amma tarihin duka cikin kwamfuta ɗaya ya ke. Saboda haka a riƙa kwafe jakar a wani filashi, a ajiye shi a wani gida dabam.