Ƙanƙanta Ƙwayoyin Launin Ma'adinai: Dalilai da Sakamako

Launukan ma'adinai, wato waɗanda ake haɗawa daga ƙarafa ba daga tsirrai ba, an daɗe ana gasa su a tanderu sannan a niƙa, amma tun farkon wannan ƙarni masana sinadarai suka dukufa wajen haɗa su a ɗakin gwaje-gwaje da ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 100 ba, ita kuwa nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Shuɗin kobalt, wanda Bafaranshe Thénard ya samar a 1802, ya isa misali. A tsohuwar hanya ana cakuɗa garin kobalt da na alminiyom a gasa su a zafin da ya kai digiri 1200, alhali a sabuwar hanya ana narkar da gishirin ƙarafan biyu a ruwa har ya yi kauri kamar kamu, kuma da yake sun riga sun gauraya sosai, wuta kaɗan ke ishe su.

Babban abin da ya zaburar da wannan bincike shi ne na'urar da ke fesa zane a kan tayil, wadda ta bayyana a Sifaniya a shekarar 2000, domin ƙofofinta na toshewa da zarar ƙwaya ta kai girman maikuromita ɗaya, wato nanomita 1000. Ga kuma tsadar makamashi, da tsadar kobalt ɗin kansa, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari nasa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa.

Sai dai ƙanƙantar tana sauya ɗabi'ar launin, saboda tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700, kuma ƙwayar da ta gaza wannan da nisa ba ta iya warwatsa haske sosai, sai launin ya zama garai-garai. Wannan riba ce ga mai rina gilashi ko fentin mota, asara ce ga mai son fenti ya rufe bango. Shi ya sa ake barin farin titaniyom na fenti a nanomita 200 zuwa 300. Ƙananan ƙwayoyi kuma sukan dunƙule in ba a lulluɓe su da sinadarin da zai raba su ba, sannan fargabar illarsu ga jiki na cikin dalilan da suka sa Tarayyar Turai ta hana zuba farin titaniyom a abinci a 2022. Saboda haka har yanzu yawancin masana'antun tayil niƙa suke dogaro da ita, domin abin da ya yi kyau a 'yan giram yakan yi tsada idan aka zo yin tan-tan.