Giya da ciwon sukari ranar biki

Karatunmu na yau a kan lafiya ne. Ka karanta shi sannu sannu. In ka gama, ka faɗa wa mutanen gidanka abin da ka gane.

Kowace shekara akwai ranakun murna. Akwai ƙaramar salla da babbar salla. Akwai bikin aure da na suna. Kirista suna da sallar Nowel ran 25 ga Disamba. A manyan garuruwa kamar Yamai da Maraɗi, mutane da yawa suna raya daren 31 ga Disamba. A ƙauye kuma akwai shagalin kaka, bayan an kai hatsi rumbu.

Musulunci ya hana shan giya, kowa ya san wannan. Amma kai ma ka sani akwai masu sha. Wani giyar kwalba yake sha, wani burkutu. Wani a fili, wani a ɓoye. Cikinsu akwai masu ciwon sukari. Wataƙila maƙwabcinka ne, ko abokin aikinka, ko ɗan ɗakinku. Wataƙila kai ne. Shi ya sa ya kamata kowa ya san maganar ga, mai sha da marar sha.

Mi ne ne ciwon sukari?

In ka ci tuwo, ko shinkafa, ko burodi, ciki yana mai da su sukari. Sukarin ya shiga jini. Jiki yana aiki da shi kamar yadda mota take aiki da mai. Akwai wani ruwa da jiki yake yi, sunansa insulin. Shi ne yake shigar da sukari cikin tsoka. In insulin ya yi kaɗan, ko ya daina aiki da kyau, sai sukari ya taru cikin jini. Wannan shi ne ciwon sukari.

A asibiti ana awon jini da safe, kafin mutum ya ci komi. In awo ya kai giram 1,26 a lita ko ya wuce, har sau 2, to mutum yana da ciwon. Daga nan sai a ba shi ƙwaya ko allurar insulin, don sukari ya sauka.

Amma ka lura da kyau. Sukari yana iya hawa, yana kuma iya faɗuwa. In ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, ya faɗi ke nan. Hawan sukari yana ɓata jiki a hankali, shekara da shekaru. Faɗuwarsa kuwa tana iya kashe mutum cikin dare ɗaya.

Abin da giya take yi wa hanta

Hanta ita ce rumbun jiki. Tana ajiye sukari. In ka daɗe ba ka ci ba, ko kana barci, sai ta riƙa sakin shi kaɗan kaɗan cikin jini. Shi ya sa mai azumi ba ya faɗuwa.

To, in giya ta shiga jiki, hanta ce take da aikin fid da ita. Sai ta bar aikin sukari, ta koma kan giya. Kofi ɗaya yana cin mata awa 1 ko fiye. Kamar mai tsaron rumbu ne da gobara ta tashi a gidansa. Ya tafi kashin wuta da mabuɗi a aljihu. Yara suna jin yunwa, ba mai buɗe musu.

Shi kuwa magani bai san da wannan ba. Allurar insulin tana nan tana sauke sukari. Haka ma wasu ƙwayoyi, kamar wadda ake kira glibenclamide ko Daonil. Magani yana ragewa, hanta ba ta ƙarawa. Sai sukari ya faɗi.

Abin yana da yaudara. Giyar kwalba da burkutu daga hatsi ake yin su. Da farko suna iya ɗaga sukari. Mutum ya yi awo, ya ga ya hau, ya ce ba komi. Can tsakar dare sai ya faɗi. Haɗarin yana iya kai wa awa 24 bayan an sha. In kuma an sha rawa, abin ya fi muni, don rawa ma tana cin sukari.

Ba kowane mai tangaɗi ne ya bugu ba

Nan ne babbar magana take. Ka riƙe ta da kyau.

Wanda sukarinsa ya faɗi yana yin zufa mai sanyi. Hannunsa yana makyarkyata. Zuciyarsa tana bugawa da sauri. Yana jin yunwa da hajijiya. In abin ya yi nisa, harshensa ya yi nauyi, ya riƙa tangaɗi, ya riƙa faɗa ba dalili. Daga nan sai barci mai nauyi, sai suma.

Ka duba alamun nan. Ba su yi kama da na bugagge ba? Sun yi ƙwarai. Ga kuma warin giya a bakinsa. Sai mutane su yi dariya, su ce: «Ku ƙyale shi, maye ne, da safe zai warware.» A kwantar da shi ɗaki, a ja ƙofa. Da safe a tarar da shi ba ya motsi. Ƙwaƙwalwa ba ta iya daɗewa ba sukari.

Saboda haka, in ka san mutum yana da ciwon sukari, ka gan shi haka, kada ka ce maye ne. Ka ɗauka sukarinsa ne ya faɗi, sai in awo ya nuna ba haka ba.

Ƙaƙa za ka taimake shi?

In yana farke, yana iya haɗiya:

1. Ka zaunar da shi.
2. Ka ba shi ƙwayar sukari 3, ko babban cokali 1 na sukari ko zuma cikin ruwa. Rabin kwalbar lemu mai zaƙi ma ya yi.
3. Ka jira minti 15. In bai dawo daidai ba, ka sake ba shi.
4. In ya ji dama, ka ba shi abinci mai riƙe ciki: tuwo, shinkafa, dambu ko burodi.
5. Kada ka bar shi shi kaɗai cikin daren nan.

Kada ka ji tsoron ba shi sukari. In ma sukarinsa bai faɗi ba, ƙwaya 3 ba za su kashe shi ba. Rashin su ne yake iya kashe shi.

In kuwa ya suma, kada ka ɗura masa komi a baki. Zai iya shaƙewa. Ka kwantar da shi a kan gefensa, don in ya yi amai kada ya toshe masa numfashi. Ku ɗauke shi maza zuwa asibiti mafi kusa. Ka faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya: yana da ciwon sukari, ga maganin da yake sha, kuma ya sha giya. Ba lokacin jin kunya ba ne. Can za su sa masa ruwan sukari ta jijiya.

In kai ne mai ciwon

Abin da ya fi maka shi ne ka bar giya kwata-kwata. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon giya da za a ce ba ya cutar da lafiya. Amma in har ka san za ka sha, to ka kiyaye waɗannan:

Ka tambayi lokotoro tun kafin biki ya zo. Ka nuna masa maganinka. Ƙwayar metformine, wadda ake kira Glucophage, ba ta shiri da giya mai yawa. Haɗa su yana iya jawo ciwo mai tsanani.

Kada ka sha da cikin wofi. Ka ci kafin ka sha, ka ci kana sha. Nama kaɗai bai isa ba. Balangu da kilishi ba su da sukarin da zai tsare ka. Ka haɗa da burodi, ko shinkafa, ko tuwo.

Ka san iyaka. Likitoci suna cewa kada mace ta wuce ƙaramar kwalba 1 a yini, namiji kuma kada ya wuce 2. Babbar kwalba tana daidai da ƙanana 2. Burkutu kuwa ba ya da awo. Na yau daban, na gobe daban. Ba ka san ƙarfin abin da ke cikin ƙwaryar ba.

Ka sha a hankali, kana kurɓar ruwa tsakani.

Ka sa ƙwayar sukari cikin aljihu. Ka sa kuma ƴar takarda, ka rubuta da hannunka: «Ina da ciwon sukari.» Ga amfanin karatun da kake koyo.

Ka faɗa wa mutum 1 da ka yarda da shi. Ka koya masa alamun faɗuwar sukari.

In kana da abin awo, ka auna kafin ka kwanta, ka sake da asuba. Ka ɗan ci wani abu kafin barci. Da safe kada ka tsallake karin kumallo.

Kada ka bar maganinka don kana son sha. Kada ka tuƙa mota ko babur.

Akwai waɗanda ko kurɓi ɗaya bai kamace su ba: mace mai ciki, mai ciwon hanta, mai ciwon ƙoda, wanda ƙafafunsa suke zafi ko suka mutu da sukari, da wanda sukarinsa yake yawan faɗuwa. Mai hawan jini ma giya tana ƙara masa ciwo.

Mai shan lemu ma ya kula

Kada ka ce: «Ni ba ni shan giya, ba ruwana.» Ranar salla tana da nata tarko. Kwalbar lemu ƙarama tana ɗauke da sukari wajen giram 35, kamar ƙwaya 7 ke nan. Ga bisap da aka cika wa sukari. Ga shayi, na ɗaya, na biyu, na uku. Ga fura mai zaƙi. Mai ciwon sukari ya zaga gida 5 gaisuwar salla, ko'ina a miƙo masa kofi. Kunya ta hana shi ƙi. Da marece sukarinsa ya hau sama.

In kai ne mai gida, ka sauƙaƙa wa baƙonka. Ka ajiye ruwan sanyi. Ka ɗibi bisap ko shayi kafin a zuba sukari. In ya ce ya ƙoshi, kada ka matsa masa. In kai ne baƙo, ka ce: «Na gode, lokotoro ya hana ni.» Ba wanda zai yi fushi. Lafiya uwar jiki ce, kuma biki na mai rai ne.

Tambayoyi

1. Wane aiki hanta take yi in mutum yana barci?
2. Don mi giya take sa sukari ya faɗi?
3. Faɗi alamu 4 na faɗuwar sukari.
4. Mi za ka ba wanda yake farke? Mi za ka yi in ya suma?
5. Rubuta cikin littafinka: «Ba kowane mai tangaɗi ne ya bugu ba.»