Yadda ƙaguwa take sansano abincinta

Ƙaguwa ba ta da hanci. Amma in aka jefa guntun kifi cikin ruwa, ko da dare ne, sai ta fito daga raminta ta nufo shi. Yaya take yi?

Ku dubi kanta da kyau. Tsakanin idanunta akwai ƴan ƙahoni guda biyu, ƙanana, masu motsi kullum. A bakin kowane ƙaho akwai gashi siriri. Fatar gashin nan ba ta da kauri, warin abinci yana ratsa ta. In ƙaguwa ta kaɗa ƙahonin, sabon ruwa yana shiga tsakanin gashin. Shi ne sansanawarta.

Ƙarƙashin kowane gashi akwai ƙwayoyin jijiya masu yawa. Ido ba ya ganin su, sai da madubin ƙara girma. Kowace ƙwaya tana da hannu biyu. Hannun farko yana shiga cikin gashin, ya rarrabu kamar saiwar gero, don ya tari wari ta ko'ina. Hannu na biyu dogon zare ne. Shi ke kai labari ga ƙwaƙwalwa.

Cikin ƙwaƙwalwa, zaren nan ba su watsewa barkatai. Suna taruwa dunƙule-dunƙule. Kowane wari yana tayar da wasu dunƙule, ya bar wasu. Da haka ƙaguwa take rarrabe warin abinci da warin maƙiyi. In ta yi kuskure, ita ce za ta zama abinci.

Jijiyoyin gani ba haka suke ba. Suna cikin sandar da ke ɗauke da ido, a jere sahu-sahu kamar kunyoyin gona. Abin da ke dama yana zuwa dama, na hagu yana zuwa hagu. Da sun cakuɗe, da ƙaguwa ba ta san ta ina tsuntsu yake tahowa ba.

Akwai wata ƙatuwar ƙaguwa a tsibiran tekun Indiya da na Fasifik. Ana ce mata ƙaguwar kwakwa. Nauyinta yakan kai kilo 4. A kan tudu take zama, har itace take hawa. Da dare take yawon neman abinci, tana jin warin ƴaƴan itace da na mushe cikin iska, daga nesa. Da masana suka duba ƙwaƙwalwarta, sun tarar wajen sansana ya cinye babban rabo a cikinta.