Bayan an daina caca a kansu: ina karnukan tsere ke ƙarewa?

A filayen tseren karnuka na Birtaniya, zagaye ɗaya na mita 480 yana ɗaukar kusan sakan 30. Ana buɗe akwatuna shida a lokaci guda, karnuka shida su fito a guje suna bin zomon roba da inji ke ja a gefen fili. Sau da yawa kujerun ƴan kallo babu kowa, domin masu zuba kuɗin suna shagunan caca ko kan wayoyinsu na salula. Da an gama wannan zagaye, sai a shirya na gaba.

Karen da ake wannan sana'a da shi Turawa na kiransa greyhound. Dogo ne siriri, mai zurfin ƙirji da ɗamammen ciki, kuma gudunsa na kai kilomita 70 a awa guda. Duk wanda ya san karen Azawak na makiyayan arewacin jihar Tahoua zai gane siffarsa, domin dukansu da ido suke bin abin farauta. An fara tseren na zamani a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1919, ya isa birnin Manchester na Ingila a 1926.

Ana sa kare a tsere yana da kimanin shekara ɗaya da rabi, a sallame shi tsakanin shekara uku zuwa biyar, ko kafin nan idan ya karye. Amma yana iya rayuwa har shekara 12 ko fiye. Ke nan bayan ya daina kawo kuɗi, akwai sauran shekaru masu yawa na abinci, magani da wurin kwana da dole wani ya ɗauki nauyinsu. Ga kuma ƴan kwikwiyon da ake haifa da yawa don neman zakara guda, waɗanda gudunsu bai kai su shiga fili ba.

Abin da bincike ya tono

A 2006 jaridar Sunday Times ta fallasa wani ɗan kasuwa a garin Seaham da ke arewa maso gabashin Ingila, wanda aka zarga da kashe karnukan tsere kusan 10,000 cikin shekaru 15, yana karɓar fam 10 a kan kowane ɗaya, yana binne su a fili bayan gidansa. Kotu ta ci shi tarar fam 2,000, kuma laifin da aka kama shi da shi shi ne binne gawarwakin ba tare da izini ba, saboda dokar ƙasar ba ta hana kisan kansa ba.

A Ostireliya, wani shirin gidan talabijin na ABC ya nuna a watan Fabrairun 2015 yadda wasu masu horo ke ɗaure zomaye da ƴan aladu da ransu don karnuka su bi su yage. Kwamitin binciken da jihar New South Wales ta kafa ya gano cewa cikin shekaru 12 an kashe karnuka tsakanin 48,891 da 68,448 saboda ba su da gudu ko ba su dace da tsere ba. Shugaban gwamnatin jihar, Mike Baird, ya sanar da haramta wasan a watan Yulin 2016, amma matsin lamba ya sa ya janye matakin bayan watanni uku.

Ƙasar Ailan ce ke haifar da mafi yawan karnukan da ke tsere a Birtaniya. A watan Yunin 2019 gidan talabijin na RTÉ ya bankaɗo wani rahoto da aka rubuta wa hukumar tseren ƙasar, wanda ya ce ana kashe karnuka kusan 6,000 a kowace shekara saboda rashin gudu.

Gyaran da masu sana'ar suka yi

Masu harkar sun ce zamani ya sauya. Hukumar tseren karnuka ta Birtaniya, GBGB, ta fito da tsarin ritaya a 2020: mai kare ya ajiye fam 200 lokacin rajista, hukumar ta ƙara 200, jimilla wajen jaka 300 na sefa, a miƙa wa cibiyar da za ta nema wa karen gida. Kowane kare yana da lamba da aka zana masa a kunne da ƴar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, don a san inda ya ƙare. Ƙungiyar Greyhound Trust, wadda aka kafa a 1975, ta samar wa dubban karnuka iyalan da suka riƙe su.

Sai dai alkaluman hukumar da kanta sun nuna an samu raunuka 4,238 a shekarar 2023, karnuka 109 kuma sun mutu a fili. Tun 2022 manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi uku, RSPCA, Dogs Trust da Blue Cross, suka nemi a kawo ƙarshen wasan baki ɗaya. Cibiyoyin riƙo kuma na kukan cewa kuɗin ritayar ba ya isa idan kare ya yi watanni yana jiran gida.

Samun gidan ma ba shi ne ƙarshen aiki ba. Karen da ya tashi a keji bai san hawa bene ba, bai san ƙofar gilashi ba, kuma yakan bi kyanwa kamar yadda aka koya masa bin zomo. Shi ya sa ake sa wa da yawa takunkumi a farkon fita yawo. Masu riƙonsu dai na shaidar cewa dabbobi ne masu sanyin hali da yawan barci.

Idan an rufe fili

A watan Nuwambar 2018 kashi 69 cikin 100 na masu zaɓe a jihar Florida suka amince da haramta wasan, a jihar da ke da 11 daga cikin filaye 17 na Amurka. Yanzu filaye biyu suka rage, dukansu a West Virginia. A yankin Macau na ƙasar Sin, da aka rufe filin Canidrome a watan Yulin 2018, an bar karnuka sama da 500 a keji, sai ƙungiyar Anima da abokan aikinta suka yi watanni suna tura su gidaje a Turai, Amurka da Ostireliya. Gwamnatin Wales ita ma ta sanar da niyyar haramtawa a watan Fabrairun 2025.

Ƙasar New Zealand ta ɗauki darasi daga waɗannan. A watan Disambar 2024 ministan tsere Winston Peters ya sanar cewa za a daina wasan daga ƙarshen Yulin 2026, aka ba da watanni 20 don nema wa karnuka kimanin 2,900 gidaje. A cikin makon sanarwar, majalisar dokoki ta yi dokar gaggawa da ta hana kashe karen tsere sai da dalilin lafiya daga likitan dabbobi, don gudun kada masu su su rabu da su a ɓoye kafin ranar rufe filayen.