Mai Fassarar da Aka Rantsar: Sana'ar Juya Fotugis Zuwa Ingilishi a Birazil

Duk ɗan Birazil da ya samu gurbin karatu a Kanada, ko aiki a Ostireliya, ko zai yi aure a Amurka, akwai ƙofar da yakan ƙwanƙwasa kafin ya yanki tikitin jirgi. Takardar haihuwarsa, da shaidar makaranta, da takardar 'yan sanda mai nuna ba a taɓa kama shi da laifi ba, duk da harshen Fotugis aka rubuta su, jami'in da zai duba su a can kuwa Ingilishi yake ji. Mutumin da ke raba wannan gardama shi ne wanda 'yan ƙasar ke kira tradutor juramentado, wato mai fassarar da aka rantsar. Abin da ya sa wa hannu, hukuma ta karɓe shi a matsayin gaskiya, sai fa in an zo da hujjar da ta rushe shi.

Kasuwar ba ƙarama ba ce. Fotugis harshen hukuma ne a ƙasashe tara, daga Fotugal zuwa Angola da Mozambik da Timor ta Gabas, amma mafi yawan masu jin sa suna Birazil, ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Miliyoyin 'yan ƙasar suna zaune a waje, Amurka ce ke da kaso mafi girma. Manyan kamfanoninta irin su Petrobras da Vale da Embraer suna sayar da hannun jari a kasuwar New York, don haka dole rahotanninsu su fito da Ingilishi.

Ba a shiga sana'ar da ka. A ƙarƙashin dokar 1943, ta zamanin shugaba Getúlio Vargas, hukumar rajistar kasuwanci ta kowace jiha, Junta Comercial, ita ta riƙa shirya jarrabawa ta rubutu da ta baka. Wanda ya ci, a rantsar da shi, a ba shi lamba. Jarrabawar ba ta riƙa zuwa a kai a kai ba: a jihar São Paulo an yi fiye da shekara ashirin bayan ta 1999 ba a sake kiran wata ba. A 2021 wata sabuwar doka ta maye gurbin tsohuwar, ta sauya hanyar shiga. Abin da bai sauya ba shi ne, mai fassarar ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Ba shi da albashi. Da guminsa yake ci.

Ɗanyen kayansa takarda ce. Wata sabuwa ce fil daga ofishin rajista, wata kuwa ta tsufa a akwati, rubutun hannu ne na wani magatakarda da ya daɗe da rasuwa, tawada ta kwanta, hatimi ya hau kan hatimi. Aikin farko shi ne karanta ta daga sama har ƙasa, gaba da baya, kafin a faɗi farashi. Ma'aunin ciniki shi ne lauda, wato shafi. A São Paulo an saba ƙirga shi da haruffa 1,000, ba a lissafa sararin da ke tsakanin kalmomi. Masu sana'ar sun raba aikin gida biyu. In daga baƙon harshe za a shigo da magana Fotugis, wannan tradução ce. In daga Fotugis za a fitar da ita waje, sunanta versão, kuma ta fi tsada, domin mutum yana rubutu ne da harshen da ba shi ya sha a nono ba. Takardar shari'a ko ta likita ta fi takardar haihuwa kuɗi, aikin gaggawa da na ƙarshen mako kuma akwai ƙari a kansa.

In an shirya, sai a zauna. A gefe akwai ƙamus na Aurélio ko na Houaiss don tabbatar da ma'anar Fotugis, da ƙamus na shari'a na harsunan biyu. A kwamfuta akwai manhaja irin Trados ko memoQ, wadda ke yanka rubutu jimla jimla, ta adana duk abin da aka taɓa fassarawa, ta tuna wa mai aiki yadda ya juya wata kalma a bara. Ƙwararre yakan fitar da kalmomi dubu biyu zuwa dubu uku a yini in rubutun ba mai gardama ba ne. Kwangila guda mai sarƙaƙiya kuwa tana iya cinye safiya a kan sakin layi ɗaya.

Ramukan da ke kan hanyar sanannu ne, kuma kowace shekara suna kayar da sabbin shiga. Harsunan biyu sun ɗebi kalmomi da yawa daga Latin, sai ka ga kalma ta yi kama da 'yar'uwarta amma kowacce da inda ta dosa. Pretender a Fotugis niyya ce. Mai kama da ita a Ingilishi riya ce da yaudara. Wanda ya bi kamanni zai mai da mai neman biza da ya ce yana da niyyar karatu ya zama mai ƙaryar karatu. Lambobi ma haka. Inda Ba'amurke ke sa ɗigo, ɗan Birazil waƙafi yake sawa, inda yake sa waƙafi shi ɗigo. Kwanan wata a Birazil da rana yake farawa, a Amurka da wata. Bilhão na Birazil miliyan dubu ne, bilião na Fotugal miliyan sau miliyan ne. Harafi ɗaya ya raba su, amma a takardar bashi ya isa ya tsiyata kamfani.

Akwai kuma abubuwan da babu takwaransu a can. Cartório ofishi ne da mutum ke riƙewa da izinin hukuma, inda ake rajistar haihuwa da aure da filaye, ake tabbatar da sa hannu. Amurka da Ingila ba su da irinsa sak. A nan mai fassara yakan bar sunan yadda yake, ya ƙara ɗan gajeren bayani. Makarantun Birazil galibi suna ba da maki daga sifiri zuwa goma, na Fotugal zuwa ashirin. Ba aikinsa ba ne ya mai da su ma'aunin Amurka, wannan na jami'ar da za ta karɓi ɗalibin ne. Sunan mutum ba a taɓa shi. Neto na nufin jika, Filho na nufin ɗa, amma in suna ƙarshen suna a fasfo, haka za su tafi.

Babbar ƙa'idar ita ce ba a gyara wa takarda zama. In magatakarda ya yi kuskure a sunan uwa, haka za a kwafe shi, a nuna cewa haka yake a asali. In wuri ya goge, a rubuta cewa ba ya karantuwa, ba a cike shi da zato. Kowane hatimi da tambari da sa hannu sai an ambace shi. Abokin ciniki yakan roƙi a ɗan ɗaga maki ko a share wata shekara, amsar kuwa ɗaya ce, domin matsayin mai fassara kamar na mai shaida ne a gaban alƙali: abin da ya gani shi zai faɗa. A ƙarshe ya rufe da kalmomin dou fé, ma'ana na shaida, ya sa hannu, ya ba fassarar lamba, ya ajiye kwafi a kundinsa. Yau da yawa suna aikawa ta intanet da sa hannun lantarki. Daga nan takardar takan bi ta cartório a manna mata apostila, shaidar da ƙasashen yarjejeniyar Hague ke karɓa, wadda Birazil ta fara aiki da ita a Agustan 2016.

Jarin sana'ar ba na ƙarfe ba ne. Kwamfuta, lasisin manhaja, sabunta sa hannun lantarki, haraji, kuɗin ƙungiya irin su Abrates ko Sintra, sai shekarun karatu da ba a iya sa musu farashi. Samu kuwa yana da damina da rani. Lokacin neman gurbin jami'o'i aiki yakan yi yawa har a hana ido barci, wani watan kuma shiru. Kamfanonin dillancin fassara suna kawo aiki, amma suna yankar rabonsu, wasu kuma sai bayan wata ɗaya ko biyu su biya. Ga ciwon baya da na wuyan hannu, ga gajiyar ido, ga alhakin kuskure da ke kan wuyan mai sa hannu shi kaɗai. Tun da Google Translate da DeepL suka yi ƙarfi, aikin da ba ya bukatar hatimi ya karye a farashi. Sau da yawa abin da ake kawowa shi ne a gyara abin da na'ura ta fitar, a kan kuɗi kaɗan.

Masu fassara littattafai dangin sana'ar ne, su ma ba kasafai suke arziki da ita ba. Da hannun Giovanni Pontiero da Margaret Jull Costa masu karanta Ingilishi suka san marubuci José Saramago, wanda ya ci kyautar Nobel a 1998. A 2017 wani littafin José Eduardo Agualusa na Angola ya ci kyautar Dublin ta Yuro 100,000, aka ba mai fassararsa Daniel Hahn Yuro 25,000, shi kuma ya ɗebi wani kaso ya kafa kyauta don sabbin masu fassara. Mu ma mun ci moriyar wannan aiki. Labarin Hausawan da aka kai bauta Bahia ta Birazil, da yunƙurin tawayensu na 1807, da tawayen Musulmi na 1835 a Salvador, yana cikin takardun hukuma da na kotu ne da Fotugis. João José Reis ya tono shi ya rubuta littafi, Arthur Brakel ya juya shi Ingilishi a 1993, ta nan ya iso ɗakunan karatunmu. A hedikwatar ECOWAS da ke Abuja ma Fotugis harshen aiki ne, saboda Gini Bisau da Cape Verde.

Na'ura ta iya kalmomi, kuma kullum tana ƙara iyawa. Abin da ba ta yi shi ne ta tsaya a tuhume ta in an samu kuskure a takardar gado ko ta asibiti. Wannan tsayuwar ita ake saya a wurin mai fassarar da aka rantsar, kuma duk wanda rayuwarsa ta rataya a kan takarda guda ya san ta cancanci kuɗinta.